Abin da Ya Kamata Ku Sani: Yadda Marka Ke Cinye Inabi Gab da Girbi

A unguwar Congo-Russia ta Jos da maƙwabtanta, daga Nasarawa har Gangare, wannan tambaya ba baƙuwa ba ce: tunda Jos na da sanyi, tunda dankalin Turawa da kabeji da karas da sitiroberi har da tuffa suna yi a ƙasar nan, me ya hana inabi? Wasu ba su tsaya tambaya ba, sun nemo iri sun dasa. Kuranga ta hau rumfa a tsakar gida, ta yi ganye shar, ta zubo 'ya'ya gwanin sha'awa. Sai Agusta ya kama, marka ta sauka, 'ya'yan da ake ta lissafin ranar tsinkarsu su tsattsage, su yi fumfuna, ƙananan ƙudaje su baibaye su. Mai gida ya ce irin ne ba shi da kyau, ko ƙasar ce ba ta karɓe shi ba, wani ma ya ce kambun baka ne. Galibi ba ko ɗaya daga ciki. Nunar inabin ce ta yi karo da ruwa.

Inabin da muke ci ɗan asalin yankin tsaunukan Kokasas ne da Gabas ta Tsakiya, daga can ya bazu ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. A can ruwa da sanyi tare suke zuwa, lokacin da kuranga ta zubar da ganye tana hutu. Idan zafi ya zo, 'ya'ya suka fara nuna, sama ta ɗauke, rana ce kawai. Dubban shekaru itacen ya saba da haka. Mu kuwa a nan lissafin a juye yake. Jos na zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, tana samun ruwan da ya kai milimita 1,300 zuwa 1,400 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Afrilu da Oktoba, mafi nauyinsa a Yuli da Agusta. Yankin Bordeaux na Faransa, wanda ya yi suna da inabi a duniya, matsakaicin ruwansa bai kai milimita 1,000 ba, kuma a warwatse yake cikin watanni goma sha biyu. Mutanen Rikkos da Gangare da suka ga ambaliyar watan Yulin 2012 ba sa bukatar a bayyana musu nauyin ruwan garin nan.

Ba wai inabi ba ya son ruwa ba ne. Yana sha sosai lokacin da yake tofo da lokacin da 'ya'ya ke girma. Matsalar tana cikin makonni shida zuwa takwas na ƙarshe, daga ranar da ƙwaya ta fara taushi tana sauya launi zuwa ranar tsinka.

A wannan tsakanin ne ganye ke aikinsa mafi muhimmanci: yana karɓar hasken rana yana sarrafa sukari yana turawa cikin ƙwaya, tsamin da ke cikinta kuma yana raguwa. Manoman da ke sayarwa manyan kasuwanni suna da 'yar na'urar auna zaƙi. Ana matse ƙwaya ɗaya, a ɗiga ruwanta a kan gilashin na'urar, a ɗaga ta fuskar haske a karanta. Inabin ci ana son sukarinsa ya kai kashi 16 cikin ɗari ko fiye. To idan hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, yadda yake yi a Jos cikin Agusta, ganye ba ya samun hasken da zai yi aikin. Saiwa kuma tana ta zuƙar ruwa tana aikawa sama, ɗan zaƙin da ya taru ya salance. Sai ka ga ƙwaya ta yi ɓul-ɓul a ido, a baki kuwa lami ce ko tsami. Ga kuma wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba: kurangar da ta ƙoshi da ruwa tana komawa fitar da sabon reshe da ganye, abincin da ya kamata ya tafi ga 'ya'ya ya tafi ga tofo, rumfa ta yi duhu, iska ta daina ratsawa. Wanda ya zuba yuriya a wannan lokaci don ya taimaka, ya ƙara wa matsalar ƙarfi ne.

Sai tsagewa. Ƙwayar da ta tara sukari tana janyo ruwa, ta saiwa da kuma ta fatarta idan ta daɗe a jiƙe, alhali fatar ta riga ta daina miƙewa. Ruwa ya cika ciki, fata ta fashe, yawanci kusa da inda ƙwaya ta kama sanda ko a can ƙasanta. Mafi muni shi ne ruwa mai ƙarfi bayan an yi kwanaki ba a yi ba. Duk wanda ya taɓa noman tumatir da damina ya san wannan fashewar. Ire-iren inabi sun bambanta a nan: masu siririyar fata marasa ƙwallo irin su Flame Seedless da Thompson Seedless sun fi saurin lalacewa, haka ma duk irin da 'ya'yansa ke cunkushe a nono ɗaya suna matse juna.

Daga tsagewa sai ruɓa, kuma nan ne asarar take gudu. Ƙwaya guda da ta fashe tana zubo ruwan zaƙi a kan 'yan'uwanta. Fumfuna mai launin toka, wadda masana ke kira Botrytis, ta samu ƙofa. Ita ce dai wadda ke kama sitiroberi, manoman Chaha da ke wajen Vom sun san ta sarai. Tana iya shiga tun lokacin fure ta kwanta shiru, sai zaƙi ya hau kuma laima ta daɗe sannan ta farka. Idan ka ɗaga nonon inabin da ta kama, daga waje za ka ga kamar lafiya lau, ka buɗa tsakiya ka tarar da ƙwayoyi sun yi ruwan ƙasa sun manne da juna, fatarsu na saɓulewa da ɗan taɓi. Bayanta akwai ruɓa mai tsami, wadda ƙananan ƙudajen nan masu jan ido ke yaɗawa daga nono zuwa nono. Ita hanci ne ke fara gano ta kafin ido, don wari take irin na binega. Tsuntsaye da rina su ma ba a bar su a baya ba, kowane huji da suka yi sabuwar ƙofa ce.

Amma babbar abokiyar gabar inabi a ƙasa mai ruwa ita ce cutar ganyen da masana ke kira Plasmopara, kuma a nan nake so mutumin Filato ya tsaya ya saurara, domin ya riga ya san 'yar'uwarta. Cutar nan da ke ƙone ganyen dankalin Turawa cikin 'yan kwanaki, wadda ta yi wa manoman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi mummunar ɓarna a daminar 2022, wadda kuma ta jefa ƙasar Ayalan cikin yunwa daga shekarar 1845, dangi ɗaya suke. Dukkansu ƙwayoyinsu iyo suke yi a cikin ruwan da ya kwanta a kan ganye. Idan babu wannan ruwan, ba su da hanyar shiga. A inabi alamar farko ɗigo ne rawaya a saman ganye, mai sheƙi, kamar tabon mai a takardar da aka naɗe ƙosai. Ka juya ganyen da sassafe bayan dare mai laima, za ka ga fari-fari mai laushi ya fito daidai ƙarƙashin tabon. Wannan farin shi ne irin cutar, iska da fantsalin ruwa za su kai shi ko'ina.

Manoman Turai suna da tsohon ma'auni na goma uku: idan zafi ya kai digiri 10, sabon reshe ya kai santimita 10, aka kuma yi ruwan milimita 10 cikin kwana ɗaya, to a shirya, cutar ta tashi. Su a wurinsu wannan gargaɗi ne na wasu ranaku. A Jos kusan kowane mako na damina ya cika waɗannan sharuɗɗa, kuma ɗumin da cutar ta fi so, digiri 20 zuwa 25, shi ne na yininmu a lokacin marka. Sanyin da muke alfahari da shi, wanda ya sa muke ganin inabi ya dace da mu, shi ne kuma ya dace da cutar.

Ƙwayar inabi idan ta yi makonni da ƙulluwa takan yi ƙarfin da cutar ba ta cika shigarta kai tsaye ba. Ɓarnar da take yi gab da girbi ta ganye ce. Ganye ya bushe ya kakkaɓe, babu mai sarrafa sukari, 'ya'ya su tsaya cak ba su nuna ba, itacen kuma ya shiga shekara mai zuwa ba shi da ajiya a jikinsa. Damina ɗaya ke nan ta taɓa girbi biyu. Akwai kuma wasu cututtukan da suka fi damun ƙasashe masu zafi da laima, wata na yin zagayayyen tabo mai baƙin gefe a kan ƙwaya da ɗanyen reshe, wata kuma tsatsa ce a bayan ganye.

Daga Amurka cutar Plasmopara ta shiga Turai, an fara ganinta a Faransa a 1878. Maganinta na farko kuma da sa'a aka dace da shi. A 1882 wani malamin ilimin tsirrai na jami'ar Bordeaux mai suna Millardet yana wucewa ta gefen wata gonar inabi a yankin Médoc, sai ya lura kurangun bakin hanya suna da ganyensu, na ciki kuwa sun kakkaɓe. Ashe masu gonar sun yayyafa wa na bakin hanya wani haɗi mai launin shuɗi, na gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa, don masu wucewa su ji tsoron tsinka. Ya bi diddigi, ya gwada, ya wallafa sakamakonsa a 1885. Har yau ana amfani da wannan haɗin. Duk da haka cutar ba ta sallama ba. A 2023 ruwan Mayu da Yuni ya yi yawa a Italiya, ta kama gonakin tsakiya da kudancin ƙasar, abin da suka samu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, har Faransa ta sha gabanta a wannan shekarar. A 2024 ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai lura da harkar inabi, OIV, ta ce rabon da duniya ta samu ƙarancin amfani irin wannan tun 1961, kuma ruwa mai yawa da cututtukan laima na cikin dalilan. Gaskiya ne alƙalumansu na giyar inabi ne, abin da ba shi ne damuwarmu ba, mu na ci muke magana. Amma itacen ɗaya ne, kuma idan manoman da ke da injuna da masana da inshora suka sha kashi a hannun ruwa, mai kuranga uku a bayan ɗaki bai kamata ya zargi kansa ko irinsa ba.

Wani zai ce ai sai a yi feshi. Ana yi, kuma yana taimako, amma akwai iyaka, kuma iyakar ta shafi lafiyar mai ci. Magungunan da ke zama a saman ganye ruwa na wanke su, sai an sake. Manomin da ya ga amfaninsa na tafiya yakan ƙara yawa ya ƙara kusanta feshin, har zuwa jajibirin tsinka. Kowane magani na da adadin kwanakin da dole a bari tsakanin feshi na ƙarshe da girbi, a rubuce yake a jikin leda ko kwalba. Mancozeb, wanda manoman dankali suka saba da shi shi kaɗai ko a cikin haɗi irin Ridomil Gold, a Amurka doka ta ce sai an bar kwana 66 kafin a tsinki inabin da aka fesa wa, Tarayyar Turai kuwa ta ƙi sabunta izininsa a ƙarshen 2020. Dankali a ƙasa yake, ana fere shi a dafa. Inabi da fatarsa ake ci, ɗanye, kuma yara ne suka fi rububinsa. A ganina duk wanda zai fesa wa inabi magani saura mako ɗaya ya kai kasuwa, gara ya haƙura da wannan girbin.

To ina mafita? Tana cikin wata dama da manomin Turai ba shi da ita. Shi sanyin ƙanƙara ne ke kwantar masa da kuranga, ɗumi ya tashe ta, girbinsa ya faɗo Satumba ko Oktoba ko yana so ko ba ya so. Idan ruwa ya zo a lokacin, sai addu'a. A ƙasa mai zafi kuwa kuranga ba ta yin wannan dogon barci. Ranar da aka datse rassanta, ranar take fara sabon zagaye, kuma daga datsa zuwa girbi kusan wata huɗu ne zuwa biyar, gwargwadon iri da yanayi. Ma'ana, manomi ne ke zaɓar watan da inabinsa zai nuna, da almakashinsa.

Indiya ta gina babbar sana'a a kan wannan. A Nashik da Sangli na jihar Maharashtra, inda suke da damina daga Yuni zuwa Satumba, sau biyu suke datsa a shekara. Ta farko a Afrilu, bayan girbi, a aske itacen sosai don ya fitar da sababbin rassa. Duk tsawon damina ba 'ya'ya ake nema ba, reshe ake reno, ana kare ganye. Ta biyu a Oktoba, da ruwa ya janye, ita ce ta 'ya'ya. Girbi ya zo daga Janairu zuwa Afrilu, cikin rani tsantsa, da ban-ruwa. Daga can ake loda inabi zuwa Turai da ƙasashen Larabawa. A arewa maso gabashin Brazil, wajen Petrolina a kwarin kogin São Francisco, da datsa da ban-ruwa suke juya lokacin girbi yadda kasuwa ke so. A gida Najeriya ma ba sai an je nesa ba. Ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, mai hedikwata a Hunƙuyi, dab da Zariya, ta zama cibiyar noman inabi a ƙasar nan, kuma ruwansu bai kai na Jos ba, raninsu ya fi namu tsawo da zafi. Mai niyyar shiga harkar da gaske, kuɗin motar zuwa ya ga gonakinsu da idonsa ba asara ba ne.

Sai dai a Jos ƙofar ta fi ƙunci, dole a faɗi wannan. Idan ka datse da wuri, cikin Satumba, ɗanyen tofo da fure za su haɗu da ruwan ƙarshe, kuma a wannan matakin ne cutar ganye ta fi yi musu illa. Manoman Nashik sun ɗanɗana haka a 2019, da ruwa ya ƙi ɗaukewa har cikin Nuwamba. Idan kuma ka yi jinkiri har Disamba, sanyin hunturun Jos zai rage wa itacen sauri, nuna ta faɗo Afrilu ko Mayu, daidai lokacin ruwan farko mai zuwa da iska, wani sa'in da ƙanƙara, wadda cikin mintuna kaɗan take farfasa 'ya'ya. Abin da ya rage shi ne daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da zarar ruwa ya tabbata ya ɗauke, don a tsinka cikin Fabrairu ko Maris. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara yana faɗin lokacin da ake sa ran ruwa zai fara da lokacin da zai ƙare, ya kamata a riƙa dubawa. Rani ma da tasa cutar, wata farar hoda da ke hawa ganye da ƙwaya ko babu ruwa, amma ita garin farar wuta na riƙe ta, kuma ta fi sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba. Dole kuma a tanadi ruwan ban-ruwa, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a unguwannin da rijiyoyi ke ja baya cikin Maris.

Abin da ya fi wuya ga mai kuranga a gida shi ne ya ga fure ya fito da damina ya sa hannu ya cire. Amma haka ya kamata. 'Ya'yan damina ba za su yi zaƙi ba, kuma ƙarfin da itacen zai ɓata a kansu na girbin rani ne.

Wanda kuwa ruwa ya riga ya rutsa da shi da 'ya'ya a sama, akwai abin da zai rage asara. A cire ganyen da ke kewaye da nonon don iska da rana su busar da shi da wuri, amma kada a yi wa itacen tsirara. A bi da ƙaramin almakashi a fitar da duk ƙwayar da ta fashe ko ta ruɓe, a binne ta nesa, kada a zubar a gindi. A buɗe hanyar ruwa kada ya kwanta a saiwa. A shimfiɗa farar leda a saman rumfa ta zama rufi, gefe da gefe a buɗe, don idan aka rufe ruf zufa za ta yi abin da ruwa bai yi ba. Manoman Yamanashi a Japan, inda su ma damina ke tarar da inabi, kowane nono suke ɗora wa 'yar lema ta takarda mai kakin zuma, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Mai gona babba zai ga wahalarsa, mai nono ashirin a tsakar gida aikin yamma ɗaya ne. Idan za a tsinka, a jira raɓa ta bushe, kada a zuba jiƙaƙƙen inabi a kwali.

Sannan a san cewa inabi ba ya nuna bayan an tsinke shi. Mangwaro da ayaba da gwanda suna ƙarasa nuna a ɗaki, shi kuwa yadda aka yanke shi haka zai zauna har ya ruɓe. Shi ya sa shawarar a tsinka yau a tsira da mai ɗan tsami, ko a jira zaƙi a yi kasadar ruɓa, take da nauyi ga kowane manomin inabi a duniya. Shi ya sa kuma mai saye ya kamata ya ɗanɗana kafin ya biya.

Inabin da ake gani a tire da teburan 'yan kayan marmari wajen Taminus da titin Ahmadu Bello cikin damina galibi na waje ne, daga ƙasashe irin su Masar, ya sha doguwar tafiya kafin ya iso. A duba sandarsa: koriya mai laushi alamar sabo ce, busasshiya mai ruwan ƙasa ta daɗe. A ɗaga nonon a ɗan girgiza, idan ƙwayoyi na zubowa a bar shi. A leƙa tsakiya, a sansana. Farin hazo-hazon da ke kan fatar lafiyayyar ƙwaya ba magani ba ne, kakin da itacen ke yi ne don kare ta, kuma kasancewarsa na nuna ba a jagwalgwala ta ba. 'Yan'uwanmu masu sayarwa kuma, al'adar yayyafa wa kaya ruwa don su yi sheƙi ta dace da alayyafo da latas, amma inabi kashe shi take yi. A ajiye shi a inuwa a bushe, a cire ruɓaɓɓiyar ƙwaya da zarar an gan ta, wanki kuma sai lokacin ci, da ruwa mai tsabta sosai.